Layi Na Ɗari Biyu Da Goma Sha Uku

Ɗari biyu da goma sha biyu ya kamata su zama. Haka takardar da ke gaban Auta ta ce, kuma tun ƙarfe tara na safe take fama da takardar nan. Amma da ta buga umarnin ƙirga abin da ke cikin ƙunshin, sai baƙin allon ya ba ta ɗari biyu da goma sha uku.

Bari in faɗi aikin nata, don kada in bar kowa a duhu. Kamfaninsu yana rubuta manhajar da ke tafiyar da injinan tura ruwa, manyan nan da ke cika tankunan unguwanni. Masu rubutun sun kai ashirin, kowa da ɓangarensa. Wannan na kunna inji, wancan na auna cikar tanki, wani na rufe famfo idan ruwa ya kawo baki. Idan sun gama sai a tattaro ɓangarorin a miƙa wa mutum ɗaya, ya ƙunshe su su zama fayil guda, a aika wa masu injinan. Auta ce mutum ɗayan nan. Kayan aikinta baƙin allo ne da wata 'yar manhajar ƙunshi da ba ta jin komai sai umarnin da aka rubuta mata. Manyan ayyukanta uku ne. A ce ta ƙunshe, ta ƙunshe. A ce ta jero abin da ke ciki, ta jero, kowane fayil da layinsa, da girmansa, da ranar da aka taɓa shi, da sunan mai shi. A ce ta kwance, ta kwance. Ba ta da wayo, ba ta da tausayi. Duk foldar da ka tsaya a ciki, abin da ta tarar a nan shi za ta kwasa, ko da shara ce.

Yayan Auta ne ya koya mata. Shekara goma sha ɗaya ya yi a kan kujerar da take kai yanzu, shi ne kuma ya yi mata hanya aka ɗauke ta. Mutum ne mai sanyin magana da nacin tsiya. Idan ya ƙunshe ya jero, sai ya ciro wata tsohuwar rula ta katako daga aljihun tebur, ya ɗora ta a kan allo, ya bi layi-layi yana motsa baki. 'Yan ofis har Mai Rula suke ce masa, shi ko a jikinsa.

"Karantawa ake yi, Auta," in ji shi kullum. "Ƙirga aikin inji ne. Ke karanta."

To, wata tara da suka wuce, ranar wata Talata, Yaya ya tafi asibiti a duba masa ƙirji. Ya bar ta a kujerarsa, kwamfutarsa a buɗe da sunansa, ya ce ta ƙunshe ta jira shi. Ta ƙunshe. Ta ƙirga, lamba ta yi daidai, Manaja yana ta sintiri a bayanta yana duba agogo, sai ta aika. Ashe ɓangaren rufe famfo tsoho ta ɗauko. Sunansa ɗaya da sabon, girma da kwanan wata ne kawai suka bambanta, su kuma sai wanda ya karanta yake ganinsu. Tanki biyu suka yi ambaliya, inji ɗaya ya ƙone, unguwa guda ta yi kwana uku famfo ba ko ɗigo.

Da Yaya ya dawo ya ɗora rularsa, minti biyu bai yi ba ya gani. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ja ta gefe ya ce, "Ke sabuwa ce, korarki za su yi. Ni sai dai su rage mini matsayi. Sunana ne a kai, ki bar shi a haka."

Ta bar shi a haka. Aka mayar da shi ɗakin ajiya da ke ƙasan bene, yana naɗe wayoyi yana goge ƙura, ita aka ba ta kujerarsa. Bayan wata biyar ƙirjin nan ya tafi da shi. Manaja kuwa ya sa an buga takarda an maƙala ta a bango kusa da butar shayi, da sunan Yaya a sama ɓaro-ɓaro da bayanin abin da sakaci ke jawowa. Duk sabon ma'aikaci sai an kai shi gabanta ya karanta. Auta ta daina shan shayi a ofis. A gida Inna tana nan kan bakanta, wai ɗanta bai taɓa sakaci ba tun yana rarrafe, matar Yaya kuma ta sunkuyar da kai. Albashin Auta ne ke riƙe da gidan, da yaran Yaya su uku. Shi ya sa ta kame bakinta, ko kuma in ce shi ne dalilin da take ba kanta. Tsoro ma yana ciki, kuma ta sani.

Rular tana aljihun tebur, tun rasuwar ba ta taɓa ta ba. Karanta layi-layi yana tuna mata da muryarsa, don haka ta koma ƙirga kawai. Idan lamba ta yi daidai, ta aika.

Yau kuma lamba ta ƙi. Ga shi ƙunshin na masu injinan nan ne dai, kuma sun ce wannan ce dama ta ƙarshe, ƙarfe huɗu suke son kayansu.

Ta yi tsaki, ta ce wani ne ya jefa tarkace a folda. Ta buga umarnin jerawa. Layuka suka zubo, farare a kan baƙi, ta bi su da ido sama-sama tana neman baƙon. Ta same shi a layi na ɗari da arba'in da ɗaya.

Girmansa sifili ne, wato ba komai a cikinsa. Kwanan watansa na yau ne, ƙarfe sha ɗaya da minti shida, daidai lokacin da ta ƙunshe. A wajen sunan mai shi, sunan Yaya ne. Sunan fayil ɗin kuwa harafi huɗu ne ƙanana: auta.

A ofishin nan babu mai kiranta haka. Malama suke ce mata, tsofaffin ma'aikata su ce Ƙanwar Mai Rula. Auta sunan gida ne, kuma mutum ɗaya ne ya taɓa shigo da shi ginin nan.

Ta janye hannunta daga madannai. Ta ji na'urar sanyaya ɗaki da kullum ba ta lura da ita tana huci a saman kanta, ta ji ƙarar madannai daga tebura ashirin, kowa yana harkar gabansa. Rana tsaka ce, labule a zuge, ana ganin motoci a titi. Ta duba foldar da ta ƙunsa, fayil ɗari biyu da goma sha biyu, babu wani auta. Ta goge ƙunshin ta sake sabo. Ɗari biyu da goma sha uku. Yana nan a gurbinsa, sai dai lokacin ya koma sha ɗaya da minti goma sha tara.

"Malama, lafiya? Kin yi tsuru-tsuru sai ka ce an ce miki an soke hutun ƙarshen mako."

Dogo ne, maƙwabcin teburinta, wanda ke kula da babbar kwamfutar ofis. Bakinsa ba ya hutawa. Ta nuna masa allon. Ya turo kujerarsa ya leƙa, ya yi 'yar dariya.

"Ai wannan aikin marigayi ne. Wani ɗan umarni ya bari a ɓoye yana jefa miki wannan, don ya tsokane ki. Ba ni wuri ki ga aiki."

Ya yi ta bincike kusan minti arba'in. Ya tone duk inda ake ɓoye irin waɗannan umarnin, bai ga komai ba. Ya nemi fayil mai wannan suna a babbar kwamfuta kaf, babu. Surutunsa ya fara raguwa. Can ya kwafe fayilolin zuwa tasa kwamfutar, sabuwa fil wadda aka saya bayan rasuwar, ya ƙirga su da kansa, ya ƙunshe, ya jero. Nan ma layin ya fito, da sunan Yaya a jiki.

"Ni na goge sunansa daga babbar kwamfutar nan," ya ce a hankali. "Da hannuna, kwana uku bayan an kai shi. Manaja ya sa ni. Wannan kwamfutar tawa ma ba ta taɓa saninsa ba. To a ina ta samo sunan?"

Auta ta mayar da idonta kan nata allon.

"Bari in ɗan sha iska," in ji Dogo. Ya tashi ya fita, ya bar wayarsa a kan tebur, abin da bai taɓa yi ba.

Ita kuwa ta san abin da ake nufi, ko dai ta ɗauka ta sani. Yaya ne ya zo karɓar sunansa. Wata tara yana rataye a bango kusa da butar shayi, yara sababbin ɗauka suna karantawa suna girgiza kai, ita tana zaune a kujerarsa tana karɓar albashin matsayinsa. Wane ne ba zai gaji ba, ko da ya mutu? A zuciyarta ta ce, Yaya, kai ka ce in yi shiru. Sai kunya ta kama ta, domin ta san ya ce ta yi shiru ne yana raye yana da ƙarfin ɗauka. Bai ce ta ci gaba da yi bayan an rufe shi ba.

Ƙarfe ɗaya mutane suka watse cin abinci, ofis ya rage ita kaɗai da hucin na'ura. Ta gwada duk dabarar da ta sani. Ta umarci manhajar ta tsallake duk fayil mai suna auta, ta ƙunshe, ya fito. Ta umarce ta ta cire shi daga cikin ƙunshin bayan an gama. Manhajar ta yi aikinta ba ta yi ƙorafi ba, aka jero, yana nan. Ta kwance ƙunshin a cikin folda wadda ba komai, fayil ɗari biyu da goma sha biyu suka zube, shi bai fito ba. A jeri kawai yake, a layi na ɗari da arba'in da ɗaya, ko gezau, lokacinsa yana bin agogon bango minti da minti.

Ƙarfe biyu da rabi Manaja ya iso. Gajere ne mai saurin tafiya, kullum makullan mota a hannu kamar yanzu zai bar garin.

"Ina ƙunshina, Malama?"

"Akwai fayil ɗaya da ya yi yawa, ranka ya daɗe."

"To ki cire shi mana."

"Ya ƙi cirewa."

"Me ke cikinsa?"

"Ba komai."

"Ba komai, shi ne za ki tsayar mini da aiki? Sauran sun cika?"

"Sun cika."

"To ki aika, in rubuta musu cewa su yi watsi da shi. Ƙarfe uku da rabi nake son in ga ya tafi." Ya juya, sannan ya waiwayo ya nuna bangon butar shayi da makullansa. "Kin dai san abin da ya faru da na gabanki. Ba na son a maimaita."

Ya tafi. Auta ta zauna hannunta a kan madannai. Ta rubuta umarnin aikawa har ƙarshe, saura ta danna. Sai gwiwarta ta bugi wani abu. Aljihun tebur ne, a buɗe kamar faɗin yatsa uku. Ba ta tuna ta buɗe shi ba. Wataƙila Dogo ne ya ja shi da kujerarsa, wataƙila ita ce da kanta, ni dai ban sani ba, kuma ba zan yi rantsuwa a kai ba. Bakin rular yana leƙowa, da 'yar tsagar nan a gefe inda Yaya ya taɓa buɗe gwangwanin madara da ita.

Ta ɗauko ta. Ta ce a ranta, idan tuhuma ce, gara a tuhume ni ina kallo. Ta goge umarnin aikawa, ta jero ƙunshin daga farko, ta ɗora rular a ƙarƙashin layin farko, takardar a hannun hagu. Suna, girma, kwanan wata. Ta sauke rular. Suna, girma, kwanan wata. Ba ta san lokacin da bakinta ya fara motsi ba.

Ta wuce hamsin, ta wuce ɗari. Ta matso kusa da layi na ɗari da arba'in da ɗaya. Tun safe idonta tsalle yake yi ya dira a kan layin nan, bai taɓa tsayawa a na samansa ba. Yanzu rular ta rufe shi, ta bar mata layi na ɗari da arba'in shi kaɗai.

Ɓangaren rufe famfo ne. Takarda ta ce girmansa dubu goma sha tara da ɗari da goma sha shida, na makon jiya. Allo ya ce dubu goma sha takwas da ɗari huɗu da biyu, kwanan watansa na bara.

Ta san wannan lambar. Da za a tashe ta daga barci ta faɗe ta. Shi ne dai tsohon fayil ɗin, wanda ya ƙone inji ya kai Yaya ƙasan bene. Kuma ta san yadda aka yi ya shigo. Tsohuwar foldar nan ta ranar Talata ba ta taɓa iya goge ta ba, don ita ce ta ƙarshe da Yaya ya shirya da hannunsa. Da safe da ta je ɗauko ɓangaren, a cikinta ta tsaya ba ta duba ba. Lamba za ta cika cif. Da ta aika tun sha ɗaya da minti shida.

Ta ɗan sauke rular. Harafi huɗun nan suna nan, daf da ƙasan kuskuren, inda yatsan mutum zai tsaya idan yana nuna maka abu ba ya son kowa ya ji.

Ashe ba karɓar komai ya zo yi ba. Rufa mata asiri ya zo yi, karo na biyu.

Wannan ne ya karya ta. Da tuhuma ce da ta iya ɗauka, ai ta cancanta. Ta kifa goshinta a kan tebur ta yi kuka mara sauti, kafaɗunta suna rawa. A ranta tana cewa, har a can ma ban bar ka ka huta ba, Yaya. Dogo da ya dawo tun ɗazu ya ga haka, ya juya kujerarsa ya ba ta baya, ya shiga buga madannai da ƙarfi don kada wasu su ji.

Ta share fuska. Ta ɗauko sabon ɓangaren daga inda yake, ta duba inda take tsaye sau biyu, ta ƙunshe. Ta jero, ta bi da rula tun daga na ɗaya har na ƙarshe. Ta kwance a folda wadda ba komai, ta gwada kowane fayil da takarda. Ɗari biyu da goma sha biyu. Layi na ɗari da arba'in da ɗaya ya koma ɓangaren auna zafin inji, kamar yadda takarda ta ce. Ƙarfe uku da minti ashirin da biyar ta aika.

Shi ke nan, an wuce wurin. Babu wanda ya sani, Dogo ma bai ga layin na sama ba. Tana iya ɗaukar jakarta ƙarfe biyar ta tafi gida, gobe ta dawo, jibi ta dawo, har ta tsufa a kujerar. Yaya ba zai taɓa tambayarta ba, yanzu ta tabbata. Abin da ya hana ta zama ke nan.

Ta ƙwanƙwasa ƙofar Manaja.

"Ya tafi? Madalla. Kin ga ai ba wani abu ba ne."

"Ranka ya daɗe, ƙunshin bara, wanda ya ƙone inji. Ni na yi shi. Yayana yana asibiti a lokacin, ya bar mini kwamfutarsa. Ni na ɗauko tsohon fayil, ni na aika ban karanta ba. Katin asibitinsa na ranar yana gida, da lokaci a jiki. Yau ma saura ƙiris in maimaita."

Manaja ya ajiye makullansa a kan tebur.

"Kin san abin da kike faɗa? Sai na kai maganar nan sama. Ba na jin za su bar ki."

"Na sani."

"Wata biyar mutumin nan yana gaishe ni a bakin matakala, da ƙura a rigarsa." Ya murza idonsa. "Me ya sa sai yau?"

"Yau na karanta," in ji ta.

Ya ce ta ajiye katin shigarta, ta zauna a gida har a neme ta. Ta ajiye. Ta ce abu ɗaya take roƙo, takardar bango. Ya ɗaga mata hannu alamar ta je.

A gaban kowa ta cire ta. Ƙusoshi huɗu ne ƙanana, ɗaya ya yi tsatsa sai da ta sa farce. Inda takardar take fentin ya fi na sauran bangon haske. Ofis ya yi tsit, ba mai buga komai. Ta ninke ta biyu ta koma teburinta ɗaukar jaka.

Baƙin allon yana nan a buɗe. Ta san ba ta da sauran aiki a nan, amma ta ja kujera ta zauna. Ta buga umarnin jerawa. Ɗari biyu da goma sha biyu. Ta sake ƙunshewa, ta sake jerowa, ta sauka layi na ɗari da arba'in da ɗaya ta tsaya tana kallo. Ta yi haka sau uku. Da safe ta yi ta roƙon Allah layin nan ya ɓace, yanzu kuma da za a ce ta ba da kujerar da albashin a dawo mata da shi na minti ɗaya, da ta bayar ba ta waiwaya ba.

"Malama," Dogo ya ce a hankali, "ya cika. Ki bar shi haka."

Ta miƙa masa rular. "Duk wanda aka ba kujerar nan, ka ba shi. Ka ce karantawa ake yi."

Da sauran rana ta isa gida. Yaran Yaya ba su dawo daga makarantar Islamiyya ba, matarsa tana ninke wanki a falo, Inna tana zaune kusa da taga da carbinta. Inna ta dube ta, ta dubi agogo.

"Auta, yau da wuri haka? Wace takarda ce a hannunki?"

Auta ta durƙusa a gabanta, ta ɗora takardar a cinyarta. Matar Yaya ta hango sunan mijinta a sama, ta saki rigar da take ninkewa.

"Inna, gaskiyarki ce tun farko," in ji Auta. "Ɗanki bai yi sakaci ba. Ni ce."